Rami da Ciyawa: Nazari kan Nakasar Ƙoƙon Kunkurun da Ake Kiwo a Gida

Tsakure

Wannan takarda ta dubi nakasar da ke samun ƙoƙon kunkurun da ake ajiyewa a gida, musamman babban kunkurun Sahel da masana ke kira Centrochelys sulcata. Ta rarrabe abin da yake halitta da abin da yake cuta, sannan ta tsaya a kan tozon ƙoƙo, da laushinsa, da ruɓa da karaya. Hujjarta ita ce, yawancin shawarwarin kiwon kunkuru an rubuta su ne don ƙasashen da rana ta yi wa ƙaranci, alhali kunkurun gidajenmu rana ta ishe shi, abin da ya rasa shi ne rami da ciyawa.

Gabatarwa



Dabbar da zan yi magana a kanta ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Mazauninta na asali shi ne zirin Sahel, tun daga Muritaniya da Sanagal, ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya da Cadi, har Sudan da Habasha da Eritiriya. A duk duniya, cikin kunkurun tudu, na tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kawai suka fi wannan kunkuru girma. Ranar da ya fito daga ƙwai tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, amma ƙasaitaccen namiji kan kai santimita 80, wasu ma nauyinsu ya doshi kilo 100.

Abin mamaki, yau Amurka na cikin wuraren da aka fi kiwonsa. A shekarar 2000 gwamnatin ƙasar ta hana shigo da shi saboda kaskar da yake ɗaukowa, wadda ke yaɗa cutar ruwan zuciya ga shanu da tumaki. A shekarar ce kuma yarjejeniyar cinikin namun daji ta duniya, CITES, ta tsayar da fitar da wanda aka kamo daga daji don ciniki. Sai masu kiwo a can suka ci gaba da ƙyanƙyashe shi da kansu, yayin da a dajinmu yake ta ƙarewa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Wannan tarihi ne ya sa kusan duk binciken da aka yi kan ƙoƙonsa a Turai da Amurka aka yi shi, a cikin akwatunan gilashi, ƙarƙashin fitilu. Binciken yana da amfani ƙwarai, sai dai dole mu karanta shi da idon wanda ya san hunturu da bazara da tsakar gidan siminti.

Ƙoƙo ƙashi ne mai rai

Mutane da yawa na ɗaukar ƙoƙon kunkuru kamar sulke ne da dabbar ta saka, ko ɗaki da take shiga ta fita. Ba haka ba ne. Ƙoƙon baya ƙasusuwa ne kusan 50 da suka haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, na ƙirji kuma ƙasusuwa 9 ne. A kansu akwai siririyar fata mai jijiyoyin jini da na jin zafi, a saman fatar kuma fallayen keratin, wato irin abin da aka yi farce da ƙaho da kofato da shi. Fallaye 5 ne suka bi tsakiyar baya, 4 a dama, 4 a hagu, sai ƙanana da suka zagaye gefe. Huhu yana nan manne a ƙarƙashin ƙoƙon baya. Don haka duk abin da ya lanƙwasa ƙoƙo ya taɓa ƙashin baya da numfashi.

Yadda falle ke girma shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Sabon keratin yana fitowa ne daga ƙasa, ya leƙo a gefen tsohon, a daidai kabun da ke tsakanin falle da falle. Kowane zangon girma yana barin zobe. Da waɗannan zobba ne jama'a ke ƙirga shekarun kunkuru, amma lissafin ba ya riƙe ruwa, domin zobe shaidar ƙoshi ne, kuma a gida kunkuru na iya yin zobba da dama a shekara guda, tsoho kuwa zobbansa sun goge. Shi ya sa da Alagba, kunkurun fadar Ogbomosho, ya mutu a watan Oktoba na 2019 aka ce shekarunsa 344, masana ba su gamsu da adadin ba.

Abin da ba cuta ba ne

Kafin likita ya ce ga nakasa, ya tabbatar da nau'in da ke gabansa. Ƙaramin kunkurun dajinmu na dangin Kinixys yana da gaɓa a bayan ƙoƙonsa wadda yake rufewa don kare ƙafafun baya, wanda bai sani ba sai ya ɗauka tsagewa ce. Kunkurun duwatsun Kenya da Tanzaniya, Malacochersus tornieri, ƙoƙonsa a baje yake kuma yana lotsawa, da haka yake kutsawa cikin tsagin dutse. Kunkurun tauraro na Indiya yakan yi tozo ko a daji. Haka nan jaririn kowane kunkuru ƙoƙonsa na ɗan lotsawa a watanninsa na farko.

Akwai kuma ƙarin falle ko rashinsa, kamar a ga 6 a tsakiyar baya maimakon 5. Tun 1950 Lynn da Ullrich suka nuna cewa bushewar ƙwai lokacin kwanci na haifar da nakasar ƙoƙo, kuma zafi mai yawa ma yana yin haka. Ƙarin falle shi kaɗai ba ya cutar da dabba, ba ya bukatar magani. Saƙo ne kawai ga mai ƙyanƙyasa ya duba na'urarsa.

Tozon ƙoƙo

A nan zan daɗe, don shi ne aka fi gani kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Babban kunkurun Sahel da ya tashi a daji bayansa sumul yake, kowane falle a kwance. Wanda ya tashi a hannun mutum kuwa sau da yawa kowane falle sai ya yi tsiri a tsakiya, kabu ya nutse, bayan ya zama tamkar an jera ƙananan dalar gyaɗa. Turawa ma da dala suka kwatanta abin. Na zaɓi in kira shi tozo, don kalma ce da kowane makiyayi zai gane. Ba keratin ne kaɗai ke tashi ba, ƙashin da ke ƙasa ma yana bin siffar. Ƙaramin tozo ba ya hana kunkuru tsawon rai. Idan ya yi tsanani, musamman in ya haɗu da laushin ƙashi, yakan zo da karkacewar ƙashin baya, da jan ƙafafun baya, da wahalar barbara da ta saka ƙwai.

Shekaru da dama amsar da ake bayarwa guda ce, wai furotin ne ya yi yawa. A 2003 Wiesner da Iben na Jami'ar Likitancin Dabbobi ta Biyana a Ostiriya suka gwada zancen. Sun ɗauki jariran wannan kunkuru namu guda 50, suka rene su wata 5. Suka bambanta musu abinci, wasu furotin kashi 14 cikin ɗari, wasu 19, wasu 30. Suka kuma bambanta danshin iskar da suke zaune a ciki. Waɗanda suka tashi a busasshiyar iska su ne suka yi dogon tozo. Waɗanda danshin wurinsu ke kaiwa da komowa tsakanin kashi 45 da 99 cikin ɗari tozonsu bai taka kara ya karya ba. Furotin ya taka rawa, amma 'yar kaɗan. Bayanin da ya fi shiga hankali shi ne, sabon keratin da ke kabu da naman da ke ƙarƙashinsa suna bushewa su tsuke tun ba su yi ƙwari ba, sai sabon zoben ya fito ƙasa da na jiya maimakon ya shimfiɗu a gefensa. Zobe bisa zobe, sai tsiri ya tashi.

A 2016 Heinrich da Heinrich a Amurka suka zo da wata fuska. Sun reni irin wannan kunkuru tare da kunkuru mai zanen damisa, Stigmochelys pardalis, suka ba wasu ƙarin ɗumi da dare, suka bar wasu su ji sanyin dare. Waɗanda aka ɗumama sun fi saurin girma, kuma sun fi yin tozo. Julia Ritz da abokan aikinta a Zurik ma sun nuna cewa na hannun mutum ya fi na daji saurin girma nesa ba kusa ba.

Wasu na gabatar da waɗannan sakamako kamar suna karo da juna, ɓangare ya ce danshi, ɓangare ya ce saurin girma. A ganina duka biyun wuri guda suke nunawa, wato rami. Wanda ya taɓa bin sawun wannan dabba a daji ya san ba a cika ganin ta a fili da tsakar rana ba. Gwanar haƙa ce, raminta kan yi mita da dama, kuma a ciki take shafe yawancin rayuwarta. Can ƙasa iska na riƙe da laima, zafi bai kai na waje ba. 'Ya'yanta kan fito ne a farkon damina, lokacin da ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta rufe su. Su ci su girma a 'yan watannin nan, in rani ya shigo su lafe, girma ya tsaya. Ke nan a daji girma da danshi tare suke zuwa, tare suke tafiya. Tozo na fitowa ne idan aka raba su, aka sa dabba ta ci gaba da girma a cikin bushewa.

To, mu dubi gidajenmu. An kawo ɗan kunkuru daga kasuwa, an sake shi a tsakar gida. Da can tsakar gida ƙasa ce, zai haƙa a gindin katanga ko ƙarƙashin rumbu, masu gida su yi ta mita amma ya samu mafaka. Yanzu siminti ne ko tayil daga ƙofa zuwa ƙofa. Hunturu ya kama, danshin iska a Kano ko Damagaram ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, wato ƙasa da na rukunin da ya fi bushewa a gwajin Biyana. Abinci kuwa bai yanke ba, ga sauran tuwo, ga shinkafa, ga kanzo, kullum. Ba tare da mun sani ba mun haɗa masa sharuɗɗan tozo guda biyu a lokaci ɗaya. Kuma idan aka yi wa mai gida magana sai ya ce ai dabbar hamada ce, ina ruwanta da ruwa. Wannan kuskure ne da ya kamata mu yaƙa a duk inda muka ji shi. Kunkurun Sahel ya jure wa Sahel ne don ya iya guje wa iskarta, ya shige ƙasa.

Bushewar nan ba a ƙoƙo kaɗai take tsayawa ba. Wannan nau'i ya yi ƙaurin suna wajen tsakuwar mafitsara, wadda ƙarancin ruwa da yawan furotin ke haddasawa. Duk kunkurun da aka kawo da tozo ya cancanci a ɗauki hoton cikinsa.

Laushin ƙoƙo

Wannan ya fi tozo kisa. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci a jini, jiki kan zare shi daga ƙashi, kuma babbar ma'ajiyar ƙashin kunkuru ita ce ƙoƙonsa. Sai a ga ƙoƙon na lotsawa in an danna, baya ya baje ko ya faɗa ta wajen ƙugu, gefe ya naɗe sama, baki ya yi tsawo kamar na aku, dabbar ta kasa ɗaga jikinta daga ƙasa. Macen da ƙugunta ya tsuke ƙwai kan maƙale mata.

Hanyoyi biyu ke kai wa ga haka. Ta farko rashin bitamin D3, wanda fata ke sarrafawa idan hasken UVB na rana ya taɓa ta. Wannan ita ce matsalar Ingila da Jamus, shi ya sa littattafansu suka cika da zancen fitilu na musamman. Mu ba ma bukatar sayen fitila. Sai dai abin ya fara shigo mana ta manyan birane, inda ake ajiye ɗan kunkuru a akwatin gilashi a falo don ado. Gilashin taga yana tare UVB, don haka kunkurun da ke shan hantsi ta bayan taga ɗumi kawai yake samu.

Hanya ta biyu ita ce tamu, wato abinci. Ana so kalsiyam ya ninka fosfaras kamar sau biyu a cimar kunkuru. Hatsi kuwa akasin haka yake, fosfaras ya yi yawa, kalsiyam kaɗan, dusa ta fi kowanne muni. Malamaina da suka yi aikin dawaki sun san kumburin fuskar da ke kama dokin da aka cika wa dusa. Cutar guda ce, a doki ta bayyana a fuska, a kunkuru ta bayyana a ƙoƙo. Salak da tumatir da kankana da ake ba shi don gata ba sa cike giɓin, yawan alayyahu ma yana ɗaure kalsiyam ya hana jiki amfana da shi.

Abin takaicin shi ne maganin yana bakin ƙofa. Wannan dabba mai kiwo ce, cimarta ciyawa ce irin ta tumaki: gude-gude, harƙiya, burburwa, ɗanya da damina, busasshiya da rani. A ƙara da ganyaye iri-iri jefi-jefi, a barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka, ko garin ƙwanson da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa. Abincin kajin kansa kuwa, da na kare, kada a ba shi. Wanda ƙoƙonsa ya riga ya yi laushi yana bukatar kalsiyam ta baki a hannun likita, da rana ta kai tsaye tare da inuwar da zai fake, kuma a daina ɗaga shi ba dalili.

Ruɓa, karaya da huji

Kada a ji na yabi danshi a ɗauka ina nufin a jiƙa wa kunkuru makwanci. Laimar rami mai ɗumi daban, kwanciya cikin ruwan kwata da kashi daban. Siminti yana goge ƙoƙon ƙirji, da damina ƙwayoyin cuta da fumfuna su shiga ta wurin gugar. Alamarsa falle ya sauya launi, ya yi ramuka, ya ɗaga, wani lokaci da wari ko ruwa. In aka bari cutar ta ratsa ƙashi ta shiga jini, sai mutuwa. Ana kankare mataccen wurin, a wanke da ruwan aidin da aka sirka, a ajiye dabbar a wuri mai tsabta, in ya yi zurfi a haɗa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Sanyi da jiƙa in suka haɗu kuma ciwon huhu suke kawowa.

Karaya tana zuwa ne daga mota da ke ja da baya a cikin gida, da cizon kare, da faɗowa daga hannun yara, da ƙunar wutar bola. A ɗauke ta kamar kowace karayar ƙashi mai buɗaɗɗen rauni: maganin zafi, wankewa, sannan a haɗa gutsattsarin da waya ko ƙugiyoyin da aka manna a gefe da gefe. Tsohuwar dabarar shafe raunin gaba ɗaya da gam mai ƙarfi an rage yin ta, don tana rufe datti a ciki, in kuma ta hau kabun ƙaramin kunkuru ta hana shi girma. Warkewa na cin watanni, wani lokaci fiye da shekara, sai a gaya wa mai dabba tun farko.

Ina roƙon 'yan'uwa likitoci mu riƙe abu guda a nan. Raunin ƙoƙo yakan yi tsutsa, jikin kunkuru kuma yakan ɗauki kaska, hannunmu kuwa ya saba da ivermectin. Ga kunkuru wannan magani guba ne, yana shanye jiki ya kashe, kamar yadda Teare da Bush suka bayyana tun 1983. A cire tsutsa da kaska da hantsaki, a wanke.

Sai hujin da ake yi a gefen ƙoƙo a zura igiya ko waya don kada kunkuru ya ɓace. Turawan Ingila ma sun daɗe suna yin haka kafin su bari. Wanda ya yi ba mugunta ya nufa ba, yana ganin kamar ya huda ƙwarya ce. Amma ƙashi mai jini da jijiya ya huda. Dabba ce mai ƙarfin gaske, za ta yi ta ja har gefen ya ɓalle ko hujin ya ruɓe. Haka fenti da ake shafa wa ƙoƙo don ado ko shaida, yana toshe kabu kuma yana ɓoye ruɓa har sai ta yi nisa.

Abin da za a gaya wa mai kunkuru

Idan aka kawo mana kunkuru mai tozo, tambayar farko ita ce a ina yake kwana, ta biyu me ya ci jiya. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ware masa kusurwar da ba a yi wa siminti ba, a kewaye da gini mai ƙwari wanda tushensa ya nutse, don zai haƙa. Inda haƙa ba za ta yiwu ba, a gina masa ɗan kogo da bulo, a tara ƙasa a kai da ciki, a riƙa yayyafa wa ƙasar ruwa da hunturu da bazara ta yi laima ba tare da ta zama taɓo ba. A nutsar da faffaɗan kasko marar zurfi da zai shiga ya sha. Jarirai a riƙa tsoma su a ruwa mai ɗumi da bai wuce haɓarsu ba na minti 15 zuwa 20, sau da yawa a mako, don a shekarun farko ne tozo ke kafuwa. Bayan an taɓa shi a wanke hannu da sabulu, musamman yara, saboda ƙwayar salmonela. Kuma kada mu ƙarfafa sayen wanda aka kamo daga daji.

A faɗa wa mai shi gaskiya cewa tozon da ya riga ya fito ba ya komawa, kuma kada wani ya ce zai goge shi da fayil, don ƙashi zai tarar. Abin da ke gyaruwa shi ne girman da ke tafe. Ina ba da shawara kowane asibitin dabbobi da ake kawo wa kunkuru ya buɗe masa kati: nauyi, tsawon ƙoƙo, hoto daga gefe, irin daɓen da yake zaune a kai, da abincinsa. A sake aunawa a ƙarshen damina da ƙarshen hunturu. Wurin dubawa shi ne kabu. Idan sabon farin zoben da ya leƙo ya fito a kwance, daidai da gefen falle, ramin da ciyawar sun yi aiki. Idan ya ci gaba da nutsewa, a koma a taɓa ƙasar kogon da hannu a ji ko ta bushe.